Amsa: Sabunta firez daga yaɗonta

Malam, ka ce firez ɗinka (wato strawberry) ta shekara 3, ƴaƴanta sai ƙanƙancewa suke. Tsufa ne, uwar ta gaji. Yaɗon nan da take miƙawa a ƙasa shi ne sabon irinka.

Zaɓi uwa mai koren ganye, ka bar mata yaɗo 3 ko 4. Ɗan tsiron farko na kan yaɗon, da ke kusa da uwa, za ka ɗauka, ka datse na gabansa. Ɗora shi kan ɗan tukunya mai rairayi da ruɓaɓɓen taki, ka danne da lanƙwasasshiyar waya, kada ka raba su tukuna. Cikin sati 4 zuwa 6 zai yi saiwa, sannan ka yanke.

A Damagaram zafin Afrilu da Mayu ke kashe ƙananan shuke-shuken, sai inuwar zana da ruwa safe da yamma. Ka dasa a Nuwamba, tazarar santimita 30, wuyan shukar daidai bakin ƙasa. In ka binne shi zai ruɓe.

Don Allah, wadda ganyenta ya murɗe ko ya yi ɗorawa-ɗorawa, tuge ta. Cutar da ƙwarin darɓa ke kawowa tana bin yaɗo har jikoki. Kuma ka guji fangalin da aka noma tumatir.