Yadda aka auna ƙarfin bam ɗin nukiliya na farko

Malam, ka tambaya yadda aka gane ƙarfin bam ɗin farko alhali ba a taɓa tayar da irinsa ba. To, ba da ka suka yi ba.

Kenneth Bainbridge, masanin kimiyyar da ya jagoranci gwajin bam ɗin, da mutanensa sun zaɓi hamadar Jornada del Muerto a jihar New Mexico ta Amurka, saboda fili ne shimfiɗaɗɗe, nesa da gari. Ranar 7 ga Mayu 1945 suka fara tayar da nakiyar TNT tan ɗari da ɗoriya, don saita na'urorinsu na awo.

Ranar gwajin, 16 ga Yuli, abin da ya fi burge ni shi ne dabarar masanin kimiyya Enrico Fermi. Yana tsaye wajen kilomita 16 daga wurin, da 'yan yagaggun takardu a hannunsa. Da iskar fashewar ta iso sai ya sake su, ya ga ta ture su kamar mita biyu da rabi, ya ƙiyasta ƙarfin bam ɗin daidai yake da na tan 10,000 na TNT. Da takarda fa!

Ainihin awon kuwa daga ƙasar ramin da fashewar ta haƙa aka samo shi, wadda wani masanin, Herbert Anderson, ya ɗebo cikin tankar yaƙi da aka lulluɓe da dalma. Daga baya hukuma ta tsaya a kan tan 21,000.