Amsa kan ƙyanƙyasar ƙwan Asil a Damagaram

Assalamu alaikum ɗan'uwa. Ka ce ka samo zakara da kaza Asil, wato irin kajin nan masu faɗa 'yan asalin Indiya, kana son tsatsonsu ya fito tsantsa, kuma kana tambaya ko ka sa ƙwan a injin ƙyanƙyasa ko ka bar wa uwa.

Kafin maganar inji, ka ware kazar daga sauran zakarun gida sati 3 cur, don maniyyin zakara yana daɗewa a jikin kaza. Ƙwan da ta yi a wannan tsakani a soya shi kawai. Ni na yi gaggawa a karon farko, 'yan tsakin suka fito ruwa biyu, abin ya yi mini ciwo ƙwarai.

Shawarata ka bar wa uwa. Asil ba ta yawan ƙwai, amma wajen kwanci da tsaron 'ya'ya ba ta da wasa. Inji yana son zafi digiri 37.5 ba hawa ba sauka har kwana 21, ga yankewar kuran da muke fama da ita. Kuma a watan Afrilu da Mayu zafin garin nan yakan wuce 40, ƙwan da ke jira sai ya lalace. Kada ya wuce kwana 7 a ajiye, a wuri mai sanyi kusa da randa, tsininsa ƙasa.

In ka nace sai inji, ka daina juya ƙwai ranar 18, ka ƙara ruwa a injin don danshi, musamman da hunturu, in ba haka ba ɗan tsako ya maƙale a ɓawo.

Kada ka manta rigakafin cutar kaji ta Nukasal. Kuma ka raba mazan da wuri, tun suna ƙanana suke fara faɗa.