Fim ɗin fursunonin yaƙi da ya kamata ka fara da shi

Ɗan uwa ka tambaya wane tsohon fim na sansanin fursunonin yaƙi za ka fara kallo, ni dai The Bridge on the River Kwai na 1957 zan ce maka, David Lean ne darakta, ya ci Oscar har 7. Labarin sojojin Ingila ne da Japanawa suka kama suka sa su gina gada a layin dogon Tailan zuwa Bama.

Ba harbe-harbe ne abin kallo a ciki ba, rigimar Kanar Nicholson, shugaban fursunonin Ingila, da Kanar Saito, kwamandan sansanin Japanawa, ce. Nicholson ya kafe cewa yarjejeniyar Janeba, wato dokar ƙasa da ƙasa kan yadda ake riƙe fursunonin yaƙi, ta hana a sa hafsoshi aikin ƙarfi, shi kuwa Saito a wajensa sojan da ya miƙa wuya ya riga ya zubar da mutuncinsa, to wace doka zai kawo masa? Aka kulle Nicholson a akurkin kwano cikin rana, bai sauko ba. Wajen da ya fi taɓa ni wallahi shi ne da Saito ya sassauta ya shiga ɗaki shi kaɗai yana kuka, sai kuma Nicholson ya dage sai ya gina gada mai inganci don a ga ƙwarewar Ingila, har ya manta abokan gaba yake wa aiki.

A Sri Lanka aka ɗauki fim ɗin, kuma ainihin abin da ya faru ya fi muni, fursunoni sama da 12,000 suka mutu a aikin layin, leburori 'yan Asiya kuwa sun ninka haka, su fim ɗin bai kula da su ba sosai.