Ku Tambayi Anti: Suwaitar Yarona Ta Tsuke a Ƙirji

Tambaya: Salamu alaikum Anti, ina gaida ki da ƙoƙari. Na saƙa wa yarona suwaita saboda hunturu da ulu kala biyu, ja da fari, na yi mata zane a ƙirji da hannuwa, to wallahi ina gamawa sai wajen zanen ya tsuke ya yi tamoji alhali sauran jikin lafiya lau, kuma in zai saka ta, yatsunshi suna maƙalewa a zaren ciki. Sannan ina so in sa sunanshi a gaba, da saƙa ake yi ko da allura? Daga Maman yara biyu, Zariya.

Amsa: Wa alaikis salam ƙanwata, sannu da aiki. Ba ulun ba ne ya cuce ki, hannunki ne ya yi tsauri. In kina saƙa da ja, farin yana bi ta baya yana jiran lokacinshi ko? To wannan zaren na baya shi ne duk rigimar, in kika ja shi ya yi tsam sai ya tattaro idanun saƙar, wato 'yan madaukan zaren da tsinke ke yi, wuri ɗaya, ita kuma saƙa abu ne mai miƙewa, zaren da ya wuce ta baya baya miƙewa kamarta.

Irin wannan saƙar sunanta Fair Isle, sunan wani ɗan tsibiri ne a Shetland can arewacin Skotland, ta yi tashe a 1921 da Yariman Wales ya fito sanye da ita. Matan can ko da rigar na da kala biyar, kala biyu kawai suke riƙewa a layi ɗaya, kuma zanensu ƙanana ne saboda kar zare ya yi doguwar tafiya a baya. Ke ma ki bi haka. Kafin ki ɗauko ɗayan kalar ki baza idanun da ke kan tsinken dama su wataya tukunna, sannan ki kawo zaren a sake. Kar ki bari ya tsallake ido sama da biyar ba ki murɗe shi da ɗan'uwanshi ba, kayan yara ma uku ya isa tunda su ba haƙurin saka hannu a hankali gare su ba. Amma kar ki dinga murɗewa a wuri ɗaya kowane layi, jan zai leƙo ta cikin farin. In kin zo wajen zane ki canza tsinke zuwa wanda ya ɗan fi kauri, misali daga milimita 4 zuwa 4.5, kuma dan Allah ki fara gwada ɗan ƙyalle mai santimita 10 kafin ki zuba ƙarfinki a riga guda, na san ƙiwa ake ji amma ki daure.

Wadda kika riga kika gama kuwa gaskiya ɗaya ce. Da ulun tumaki ne zalla, jiƙawa a shimfiɗe ta a ƙasa ta bushe yana ɗan gyara ta, amma yawancin na kasuwanninmu na roba ne, baya jin wannan maganar sosai, in kin ɗora mishi dutsen guga kuma ya narke. In tsukewar ta yi yawa ki warware wajen kawai ki sake.

Suna kuma da allura za ki yi bayan kin gama. Ki samu babbar allura mara tsini, ki duba saƙar za ki ga kowane ido kamar harafin V yake, sai ki fito daga gindinshi, ki bi ta bayan na samanshi, ki koma inda kika fito, ya hau daidai kamar saƙa shi aka yi. Zaren ya zama kaurinshi ɗaya da na rigar. Ki fara zana haruffan a takarda mai gida-gida ki ɗan ƙara musu tsayi saboda idon saƙa faɗinshi ya fi tsayinshi, in ba haka ba su fito a gajarce. In fulawa ko surfani mai nauyi kike sha'awa ki yi irin na mutanen Setesdal a Norway, a kan wani yadi daban suke yin aikin sannan su ɗinka shi a wuya da bakin hannu, rigar bata jan jiki. Ki gaida yaran.