Tambaya da Amsa: Yadda Ake Haɗa Takobin Soso na Wasan Kwaikwayon Yaƙi

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni da abokaina muna yin wasan nan da kowa yake ɗaukar matsayin wani jarumi, mu sa tufafin mayaƙa, mu fita fili mu gwabza da makaman wasa. Na haɗa takobi da sandar katako wadda na naɗe da soson katifa, amma tun a karon farko kan sandar ya huda soson ya ƙuje wa abokina kafaɗa. Ina kuskurena yake, kuma yaya zan haɗa wanda ba zai ji wa kowa ciwo ba?

AMSA: Wa alaikumus salam. Allah ya ba abokinka lafiya, kuma ka gode wa Allah da abin ya tsaya a kafaɗa bai kai ga ido ba. Kuskurenka yana cikin takobin ne, wato a sandar da ka zaɓa da kuma yadda ka bar kanta tsirara.

Ƙungiyoyin da suka daɗe a wannan wasa, irin su Dagorhir da aka kafa a Amurka a 1977 da Amtgard da ta biyo baya a 1983, ba sa yarda da ƙarfe a cikin takobi. Katako ma ka guje shi, domin idan ya karye tsini yake fitarwa, ƙarfe kuwa nauyinsa ya fi ƙarfin kowane soso. Abin da ake amfani da shi shi ne bututun ruwa na roba, wanda ake kira PVC, mai faɗin rabin inci, ko kuma siririyar sandar faiba, wato fiberglass. Bututun ya fi sauƙin samu, amma idan takobin ya yi tsawo sosai sai ya riƙa lanƙwasa kamar bulala, don haka ga mai koyo kada ya wuce mita ɗaya.

Kafin soso ya taɓa bututun, sai ka goge bakinsa har ya yi sumul, ka toshe shi da murfin roba ko ƙyallen fata mai kauri, ka ɗaure da salatif mai ƙarfi ta ɓangarori biyu. Wannan aiki ne na minti biyar wanda masu gaggawa suke tsallakewa, alhali shi ne yake hana abin da ya faru da kai, domin bakin bututu a buɗe yana yankan soso daga ciki sannu a hankali har ranar da zai leƙo waje. Haka za ka yi wa ƙarshen da ke wajen mariƙi, tunda shi ma yana iya bugun mutum a cikin turmutsutsu.

Soson katifa iska ce ta cika shi, da an buga sai ya lotse har sandar ta sami jiki. Jikin takobi yana buƙatar soso mai tauri wanda ba ya shan ruwa, irin na tabarmar motsa jiki ko wanda ake lulluɓe bututun na'urar sanyaya ɗaki da shi, kuma kaurinsa a gefen da ake sara da shi kada ya gaza santimita 1.5. Ka shafa gam irin na masu gyaran takalmi a jikin bututun da na soson, ka jira ya sha iska har ya daina kama yatsa, sannan ka haɗa. Ka yi wannan a waje, saboda warinsa yana da illa. Soson ya zarce kan bututun da aƙalla inci ɗaya, sannan a samansa ka ɗora gutsuren soso mai laushi kamar inci biyu. A nan ne kawai soson katifarka yake da amfani. Kan takobin ya kasance mai faɗin da ba zai shiga kwarmin ido ba, wato kusan inci biyu da rabi, ko da hakan zai rage masa kyan gani.

Wajen rufewa, ka shimfiɗa salatif a tsaye daga mariƙi zuwa kai ba tare da ja ba, domin naɗin kewaye yana matse soson ya mayar da shi kulki. Rigar yadi ma tana yi, kuma a ganina ta fi daɗin taɓawa. Idan ka gama, ka bi takobin da babban yatsa kana dannawa. Duk inda ka ji taurin bututu, aikin bai yi ba. Daga nan ka miƙa wa wani ya sare ka da shi a baya da cinya, kuma ka maimaita wannan bincike kafin kowane wasa, domin soso yana mutuwa da amfani da zafin rana.