Ni Akanta Ne, Shin In Koma Jami'a In Karanci Shari'a?

Tambaya: Ina da ƙaramin ofis inda nake riƙe wa 'yan kasuwa da ƙananan kamfanoni littattafan kuɗi, ina kuma shirya musu takardun haraji. Sau da yawa sukan kawo mini kwantiragi in duba, ko rigimar da ta tashi tsakanin abokan jari, sai in ce su tafi wurin lauya. Gani nake kuɗi na wuce ni. Shin in koma jami'a in yi digirin shari'a?

Amsa: Malam, tunda lissafi ne sana'arka, mu ɗauki karatun nan a matsayin jari, mu auna shi yadda za ka auna wa wani da ya zo neman shawararka.

Abin da kake nema lasisi ne, digiri kuwa matakin farko ne kawai. A Amurka, bayan digirin farko sai shekara 3 a makarantar shari'a, sannan jarrabawar shiga aikin lauya ta jihar da za ka zauna. A ƙasashe irin su Najeriya da Ghana, bayan digiri akwai makarantar horas da lauyoyi kafin a rantsar da mutum. A Ingila, tun 2021 da aka fito da jarrabawar shiga aikin lauya ta SQE, mai digiri a kowane fanni zai iya zama lauya, amma sai ya ci jarrabawar kashi biyu, ya kuma yi shekara 2 yana aikin horo. Ko'ina ka duba, zancen shekaru ake yi.

Kuɗin makaranta ba shi ne babbar tsadar ba. Babbar ita ce abin da ofishinka zai daina kawowa. A ce ribarka 100 ce a shekara, karatu ya sa ta koma 40 har tsawon shekara 4. Ka rasa 240 ke nan kafin ka sayi littafi ko ɗaya. Kuma abokin cinikin da ya zo lokacin biyan haraji ya tarar kana ɗakin jarrabawa ba zai jira ka ba, wani zai nema, kuma da wuya ya dawo. Ranar da ka gama, a idon lauyoyi kai sabon shiga ne, shekarunka na akanta ba za su sa a ba ka babbar shari'a ba.

Akwai kuma abin da mutane da yawa ba sa hangowa sai sun gama karatun: taura biyu ba ta taunuwa a kan abokin ciniki ɗaya. Mai binciken littattafan kamfani ana so ya tsaya ba ya goyon bayan kowa, lauya kuwa aikinsa ke nan ya goyi bayan wanda ya ɗauke shi. Bayan rushewar kamfanin Enron a 2001, wadda ta tafi da kamfanin akantoci na Arthur Andersen, Amurka ta kafa dokar Sarbanes-Oxley a 2002, ta hana mai binciken kuɗin kamfanin da ke kasuwar hannun jari ya riƙa yi masa aikin lauya. Ƙa'idojin akantoci na duniya ma suna kallon wannan haɗin a matsayin barazana ga 'yancin mai bincike. A wurare da yawa kuma ba a yarda lauya ya raba kuɗin aikinsa da wanda ba lauya ba, ma'ana ofis ɗaya mai alluna biyu zai iya jawo maka matsala da ƙungiyar sana'a. Ingila ta sassauta wannan da dokar 2007, shi ya sa manyan kamfanonin akantoci PwC da EY da KPMG suka sami izinin aikin lauya a can a 2014. Kafin ka biya kuɗin fom, ka karanta ƙa'idar ƙungiyoyin biyu na ƙasarka.

Ban ce babu riba ba. Akwai abu guda da lauya yake da shi wanda akanta ba shi da shi, wato kariyar sirri. Abin da mutum ya faɗa wa lauyansa don neman shawarar shari'a, kotu ba ta tilasta a fito da shi. Kamfanin inshora na Prudential ya kai ƙara har Kotun Ƙolin Birtaniya yana neman a ba shawarar haraji da akantocin PwC suka ba shi irin wannan kariya, a 2013 kotu ta ƙi, ta ce ta lauyoyi ce. Kotun Ƙolin Amurka ma a 1984, a shari'ar kamfanin akantoci na Arthur Young, ta ce hukumar haraji na da ikon ganin takardun aikin mai binciken kuɗi. Saboda haka idan burinka shi ne shari'ar haraji a kotu, ko karyewar kamfanoni, ko cinikin saye da haɗe kamfanoni, ko shari'ar zamba, wanda ya iya karanta littafin kuɗi kuma yake da rigar lauya yana da daraja sosai. Lauyoyi da yawa, in an ajiye musu jadawalin kadara da bashi, sai sun nemi mai fassara musu. Amma ka lura, wannan sauya sana'a ne gaba ɗaya, ba ƙarin hidima a ofishinka na yanzu ba.

Daga yadda ka kwatanta aikinka, ni ban ga ya kai ka ajiye shekaru ba. Kwantiragin haya da yarjejeniyar abokan jari na ƙananan 'yan kasuwa ba su cika kawo kuɗin da zai mayar da wannan jari ba. Akwai hanyoyi masu sauƙi: takardar ƙwarewa a haraji irin su CTA ko ADIT, ko CFE idan binciken zamba ne ya ja hankalinka. Duk ana yin su ana aiki, kuma suna ɗaga farashin aikin da ka riga ka iya. Akanta yana iya zama ƙwararren shaida a kotu ba tare da ya taka ajin shari'a ba.

Ga abin da za ka yi daga yanzu zuwa wata 6. Ka buɗe shafi ka riƙa rubuta kowane aiki da ka tura wa lauya: wane iri ne, nawa aka biya a kansa, kuma ko doka ta ce lallai sai lauya ne zai yi shi. A cikin wannan lokaci ka nemi lauya guda mai gaskiya ku riƙa tura wa juna aiki, gwargwadon abin da ƙa'idar sana'o'inku ta yarda, ka kuma roƙe shi ya bar ka ka bi shi kotu ka ga yadda ake zaman jiran shari'ar da ake ɗagawa. Idan wata 6 ya cika, ka ninka jimlar kuɗin sau biyu don ka sami ta shekara, ka ajiye ta kusa da abin da karatun zai ci maka, ka ga shekara nawa za ta ɗauka kafin uwar kuɗi ta dawo. In ta wuce rabin shekarun aikin da suka rage maka, ka yi rajistar jarrabawar haraji.