Filin Masu Karatu: Keken da Ake Ƙerawa da Awon Jikin Mai Shi

Wasiƙu uku suka iso mana a kan keke, kuma dukansu sun taɓo abu guda, wato ƙashin keken da masu gyara ke kira firam, saboda haka muka haɗa su a fitowa ɗaya.

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ƙanena da ke karatu a Ingila ya ba ni labarin wani shago da ya shiga, inda ake sayar da firam ɗin keke zalla, babu taya, babu sarƙa, babu birki, amma kuɗinsa ya fi na sabon babur a nan gida. Ya ce sai an auna mutum tukuna, sannan ya jira watanni kafin a ƙera masa nasa. Ni kuwa na tashi na tarar da Ralin mahaifinmu tana ɗaukar buhun hatsi shekara da shekaru ba ta taɓa gazawa ba. Shin wannan sana'a ce ta gaskiya, ko dabara ce ta tatsar masu hali? Daga mai karatu a Kano.

AMSA: Wa alaikumus salam. Sana'a ce ta gaskiya, kuma ta daɗe. Shagon Mercian da ke garin Derby a Ingila ya fara aiki a 1946, Condor na birnin Landan ya biyo baya a 1948, a Italiya kuma Ugo De Rosa ya fara ƙira a Milan a 1953, har ya kai ga ƙera wa Eddy Merckx, gwarzon ɗan tseren nan na Beljiyam, kekunan da ya hau. Abin da mai saye ke biya wa kuɗi a irin waɗannan wurare shi ne awo da ƙwarewar hannu, kamar bambancin rigar da aka saya ɗinkakkiya a kasuwa da wadda tela ya auna kafaɗa da hannu kafin ya sa almakashi.

Firam na gargajiya bututu takwas ne: sandar sama, da wanda ya gangaro daga wuya zuwa wajen feda, da wanda sirdi ke shiga cikinsa, da gajeren bututun wuya, sai sirara huɗu da ke riƙe tayar baya. Masana'anta takan fitar da girma huɗu ko biyar kawai, kowa ya zaɓi wanda ya fi kusa da shi. Maƙerin hannu kuwa yakan auna tsawon ƙafarka daga ƙasa zuwa cinya, da tsawon gangar jikinka, da hannuwanka, da faɗin kafaɗunka, sannan ya tambaye ka nauyinka da irin hanyar da za ka riƙa bi da yawan kayan da za ka ɗora. Daga nan ne yake yanke tsawon kowane bututu da karkacewarsa. A keken tsere bututun wuya da na sirdi sukan tsaya a wajen digiri 73, kuma sauyin digiri ɗaya tak yana iya mayar da keke mai saurin juyawa ya zama mai natsuwa a hanya. Ralin mahaifinku an kwantar mata da wuya sosai, an yi ta da bututu mai kauri, nauyinta yana kusantar kilo 20, shi ya sa ta iya buhu. Ba a yi ta don mutum ya yi kilomita 150 a yini a kanta ba, kuma ba aibu ba ne gare ta.

Bututun kansa ma daban ne. Kamfanin Reynolds na Birmingham ya yi rajistar wata fasaha a 1897, ta yin bututu mai kauri a bakunansa biyu da siranta a tsakiya, domin wajen haɗi ya jure wuta da nauyi, tsakiyar kuma ta rage nauyin keke. Ana samun bututun da kaurin bangonsa milimita 0.9 ne a baki, 0.6 a tsakiya. Samfurinsu mai lamba 531, wanda ya fito a 1935, ya shafe shekaru da dama yana kan gaba a tseren Turai, yayin da maƙeran Italiya suka fi dogara da bututun Columbus na Milan, na Japan kuma da Tange. Firam ɗin ƙarfe mai kyau yakan tsaya tsakanin kilo ɗaya da rabi zuwa biyu.

Wajen haɗawa ne ake gane maƙeri. Yakan goge bakin bututu da zarto har ya zauna daram a jikin ɗan'uwansa, yadda ko haske ba zai ratsa tsakaninsu ba, sannan ya zura su cikin wani ɗan soket na ƙarfe, ya shafa magani, ya kunna wutar gas. Ba ya narkar da bututun, tagulla ko azurfa yake narkarwa, kuma da harshen wutar yake janyo ta tana kwarara cikin ɗan tsagin har sai ya ga ta ɓullo ta ɗaya bakin soket ɗin, a lokacin ne ya san ta cika ko'ina. Tagulla tana narkewa a wajen digiri 900 na zafi, azurfa kuwa ƙasa da haka sosai, shi ya sa ake amfani da ita a kan bututu mafi siranta. Lokacin da Reynolds ya fitar da samfurin 753, ba ya sayar wa maƙeri sai ya aiko da aikin hannunsa an gwada an tabbatar ya iya sarrafa wuta.

Shagunan kuma iri biyu ne. Akwai wanda maƙerar tana hannun masu shagon, akwai kuma wanda yake auna ka a kan wani keken gwaji da ake matsar da sirdinsa da kansa gaba da baya, sannan ya aika awon ga maƙeri a wani gari ko wata ƙasa, kamar yadda Condor ke yin firam ɗinsa a Italiya. A duka biyun za ka ba da kafin alƙalami, a nuna maka zanen ka amince, ka zaɓi fenti, sannan shagon ya ɗora giya da birki na Shimano ko Campagnolo ko SRAM. Jiran da ƙanenka ya ambata ya samo asali ne daga cewa mutum ɗaya ko biyu ne ke aikin da hannu, kuma akwai layi a gabanka.

Ra'ayina shi ne, mafi yawan mutane ba su buƙatarsa. Kekunan masana'antun Taiwan da Sin na yau suna da inganci, kuma mai matsakaicin jiki zai sami daidai da shi a cikinsu. Wanda kuɗin ya halatta a kansa shi ne mai tsayi ko gajarta fiye da kima, da mai ƙafa ɗaya da ta fi ɗayar tsawo, da mai lalurar da ke buƙatar ƙira ta musamman, da kuma matafiyin da zai kwana yana kan sirdi. Ga waɗannan, ko kusa ba almubazzaranci ba ne.

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Tsayina ya kai mita 1.95, kuma duk keken da na hau sai gwiwa da ƙugu su dame ni. Ko in yi odar irin wannan firam daga waje? Daga mai karatu a Maraɗi.

AMSA: Yawwa, barka kadai. Kada ka yi gaggawar oda, domin sau da yawa sirdi ne ya yi ƙasa. Ka hau keken, ka ɗora diddigenka a kan feda lokacin da take can ƙasa. Idan ƙafarka ta miƙe ba tare da ƙugunka ya karkata ba, tsayin ya yi. Masu tsere suna da wani lissafi kuma: su auna tsawon ƙafa daga ƙasa zuwa cinya, su ninka da 0.883, abin da ya fito shi ne tazarar tsakiyar inda fedoji ke juyawa zuwa saman sirdi. Sai dai ka kula da layin da aka zana a jikin ƙarfen sirdi, kada ka zaro shi ya wuce nan, don yana iya karyewa ko ya tsaga firam. Idan sai ka wuce layin kafin ka sami tsayinka, to keken ya yi maka kaɗan, sai ka nemi babban girma a wajen masu kekunan gwanjo, wanda bututun sirdinsa ya kai santimita 62 ko fiye. Idan ciwon ya ci gaba bayan an daidaita komai, likita ya kamata ka gani kafin maƙeri.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni mai walda ne, ina yin ƙofofi da tagogi, kuma nakan liƙe wa mutane firam idan ya karye. Ina sha'awar in fara ƙera keke gaba ɗaya. Daga ina zan fara? Daga mai karatu a Zangon Kumasi.

AMSA: Wa alaikumus salam, Allah ya yi wa sana'a albarka. Wannan tambaya ta faranta mini rai, domin hannun da ya saba da wuta ya riga ya yi nisa. Amma injin waldar lantarki mai sanda da kake yin ƙofa da shi ba zai yi wannan aiki ba, saboda zai huda bututu mai kaurin milimita 0.6 nan take, ko ya ƙona shi ya bar rauni a ɓoye. Abin da kake buƙata shi ne wutar gas da sandar tagulla, ko injin waldar nan mai aiki da iskar argon idan hali ya yi. Bayan wuta sai teburi mai shafaffen sama da maɗauran da za su riƙe bututu a mazauninsa, domin zafi yana jan ƙarfe, kuma firam ɗin da ya karkace da milimita biyu ko uku zai riƙa jan mai shi gefe guda, tayar baya ba ta bin sawun ta gaba.

Ka fara da tsofaffin firam na ƙarfe da aka yar. Ka yanka su, ka goge bakunan, ka haɗa, sannan ka raba haɗin gida biyu da zarto ka duba ko tagullar ta shiga har ciki, ka kuma sa wasu a matsi ka lanƙwasa su ka ga ko bututun ne zai ba da kai ko haɗin. Muddin haɗin ne ke buɗewa, lokacin sayarwa bai yi ba. Ƙahon da ke riƙe tayar gaba kuwa ka saye shi haɗaɗɗe har sai hannunka ya nuna, domin idan shi ya karye mahayi da fuska yake sauka. Wannan ba wasa ba ne ko a inda sana'ar ta bunƙasa: a Japan, inda ake tseren keke na cikin fili da ake kira keirin tun 1948, ɗan tsere ba ya hawa firam sai na maƙerin da hukumar wasan ta amince da shi, kuma Yoshiaki Nagasawa, maƙerin da ya ƙera wa ɗan tsere Koichi Nakano kekuna, shi Nakano da ya ci kambun duniya sau 10 a jere daga 1977 zuwa 1986, sai da ya je Italiya ya zauna a ƙarƙashin maƙera irin su De Rosa kafin ya buɗe tasa maƙerar.

Kai kuma Allah ya ajiye ka kusa da wata hanya da ba ta buƙatar shigo da bututu. A yankinku na Ashanti ana ƙera firam da gora: akwai Ghana Bamboo Bike Initiative ta Bernice Dapaah a Kumasi, akwai kuma Booomers na Kwabena Danso a Yonso, wanda ake fitar da kayansa har Jamus. Ana busar da gorar a yi mata maganin ƙwari, sannan a naɗe mahaɗanta da zare mai ƙarfi da aka jiƙa da danƙo na musamman. Babu walda a ciki, amma awo da karkata da daidaita firam a kan teburi duk ɗaya ne da na ƙarfe, kuma su ne ɓangaren da ya fi wuyar koyo daga hoto ko bidiyo. Ka je ka nemi izinin zama da su ka ga yadda suke ɗaure firam kafin ka kashe kuɗi a kan kayan aiki, sannan keken farko da za ka ƙera ka yi shi da awon jikinka, ka hau shi da kanka na wasu watanni a kan hanya mai gargada, kana duba kowane haɗi ko fenti ya fara tsagewa.